Baƙin Ruwa a Farin Kogi

Ananias ne ya kawo gawar Silas gari, ɗaure a kan amalanken da yake ja da babur ɗinsa na ƙanƙara, ya rufe fuskar da bargonsa. Ya tsaya a ƙofar coci ya kashe injin, ya ce ya same shi a Farin Kogi, a bakin Rafin Zomo, rabin jikinsa cikin ruwa, rabi a kan ƙanƙara, ya riga ya sandare. Da mata suka buɗe bargon sai ga rauni a goshi, dogo, kamar na bayan gatari. Ba wanda ya ce wa Ananias sannu da hanya.

Kafin rana ta faɗi gari ya gama shari'a. Silas ya shekara arba'in yana bin wannan hanya, ya san ƙanƙarar kogin nan fiye da yadda ya san tsakar ɗakinsa, kuma a tsakiyar hunturu ƙanƙarar bakin Rafin Zomo tana ɗaukar babur da kaya. Ta yaya irin wannan mutum zai rufta? Sai dai in an buge shi, an sare rami, an tura shi. Kuma kowa ya san da Ananias suka yi cacar baki a gaban kanti a farkon sanyi, har Silas ya ce in dai yana raye sai Tafkin Doro ya dawo gidansu.

Rigimar tafkin nan ta girme ni. Garinmu yana zaune ne a mahaɗar koguna biyu: Farin Kogi, mai ɗauko farar laka daga yamma, da Baƙin Kogi, mai fitowa daga fadamu, ruwansa kamar shayin da aka manta a kan wuta. Tun kakanni ƙasar farauta ruwa take bi. Duk rafin da ya gangara Farin Kogi, da dajinsa da dabbobinsa, na gidan su Silas ne, wanda ya gangara Baƙin Kogi kuma na gidan su Ananias. Tafkin Doro yana can saman tudun da ya raba ruwan biyu, tafkin fadama ne mai baƙin ruwa, kuma a zamanin kakan Silas ta Rafin Zomo yake zuba zuwa Farin Kogi. Sai amisk, dabbobin nan masu sare itace da haƙori, suka gina madatsarsu a bakin rafin, ruwa ya taru ya juya gabas. Dattawa suka hau lokacin narkewar ƙanƙara, kamar yadda suke yi duk shekara, suka ga inda ruwa ya nufa, suka ce tafki ya zama na su Ananias. Silas ya gaji haushin abin daga ubansa, amma ko da wasa bai taɓa ɗana tarko a wurin ba.

An kira 'yan sanda ta rediyo, suka ce jirginsu ba zai iya sauka ba sai iska ta lafa. Samari kuwa ba su ga dalilin jira ba. Enoch, ɗan Silas, ya ɗauko bindigar ubansa ya zauna da ita a ƙofar gida, yana kallon ƙetaren fili inda gidan Ananias yake.

Washegari da safe ina gidan Jemima ina shan shayinta, ita kuma tana yi mini gorin cewa na fi karenta sanin lokacin da ta ɗora tukunya. Taubasan juna muke, ba ta da aiki sai zagina, ni ma ba na barin ta kwana. A duk kogunan nan biyu babu mai bin sawu kamar ta, ko da yake gwiwoyinta sun fara ƙin tafiya, shi ya sa nake ɗaukar ta a babur, tana tsine wa tuƙina tun daga gari har daji. Muna cikin haka Dorcas matar Silas ta shigo. Ba ta zauna ba. Ta ciro ƙullin taba a jan ƙyalle ta ajiye a kan tebur, ta ja hannunta baya.

A wurinmu in ka ajiye wa mutum taba, roƙo ne mai nauyi. In bai taɓa ta ba, ba ka da abin cewa. In ya ɗauka kuwa, ya ɗauki alkawarin zuwa ya duba, ya kuma faɗi abin da ya gani a gaban jama'a, ko da a kan ɗan cikinsa ne.

"Jemima, 'ya'ya huɗu na haifa, ɗaya ya rage mini," in ji Dorcas. "In ya harbi Ananias za su tafi da shi kudu, ba zan sake ganinsa ba. Ki je ki samo gaskiya kafin yaron nan ya tashi daga ƙofar gida. In Ananias ne, hukuma ta tafi da shi, ɗana ya zauna. In ba shi ba ne, ɗana ya ajiye bindiga. Ko ta ina dai ɗana ya zauna."

Jemima ta daɗe tana kallon ƙullin. Ni da na san ta, na ga ba ta so. Amma tare suka tashi da Dorcas, tare aka yi musu baftisma, sai ta miƙa hannu ta ɗauka ta sa a aljihun rigar sanyinta. Ta ce mini in daina zubar mata da shayi in je in tayar da wannan gwangwanin nawa.

Mun fara da Enoch, tunda a hanya yake. Yaron kirki ne, ko da yake ya ba talatin baya. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana a kudu, ya dawo da gemu da harshen Turawa, ba ya iya bambanta sawun dila da na kare. Silas ba mugu ba ne, amma bakinsa ba linzami, a gaban mutane yake cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Enoch ya shekara biyu yana bin uban daji yana ƙoƙarin koyo, yana faɗuwa yana tashi, uban yana dariya.

Ya gaishe da Jemima da ladabi, bindigar tana kan cinyarsa. Ta tambaye shi yaushe ya ga ubansa a ƙarshe, ya ce da safiyar ranar da ya rasu, ya nemi ya bi shi duba tarkuna, uban ya ce ya zauna ya taya mata hira. Ta tambaye shi ko shi ya fita daji a kwanakin nan, ya ce makon jiya ya je duba zargen zomaye shi kaɗai. Da ta ce ya ba ta kwana biyu kafin ya yi wani abu, sai idanunsa suka kawo ruwa.

"Gwaggo, ban taɓa yi masa abin da ya ce madalla ba. Ko wannan ɗaya ku bar ni in yi masa."

"Kwana biyu," ta ce. "Ananias ba ya da fiffike."

Ananias kuma mun same shi shi kaɗai, ya tura matarsa da jikoki gidan surukai. Mutum ne mai murtuke fuska, ko barka da asuba sai ka ciro ta daga bakinsa da ƙugiya, kuma wannan bai taimake shi ba a ranar. Ya ce ya bi ta Farin Kogi ne saboda ƙanƙarar nasu kogin ta yi tudu da kwari, ya hango karen Silas yana zagaye wuri ɗaya yana kuka. Ya kwanta rub da ciki ya ja jiki, ya ɗaura wa gawar igiya, ya ja da babur. Jemima ta tambaye shi me ya sa ya kwanta, tunda ƙanƙarar wurin mai kauri ce. Ya ce da ya taka sai ya ji ta yi laushi a ƙarƙashin dusar ƙanƙarar da ta rufe ta, shi ma bai gane dalili ba. Ta tambaye shi gatarinsa, ya miƙo mata, ta duba bayansa ta mayar masa.

Muna fita ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya yi shekara talatin yana faɗa da Silas, yanzu bai san da wa zai yi ba.

Akwai wani da bakin mutane ya taɓa, wato Gordon, Baturen da wani kamfani ya turo neman ma'adinai. Ya kafa tanti a kan Farin Kogi yana huda ƙanƙara da inji yana zuƙo ruwa, tsofaffi kuma tun zuwansa suke cewa zai lalata kogin. Ni dai na so a ce shi ne, don da an huta, ba ɗan kowa ba ne. Ya ba mu kofi mai ɗaci, ya nuna mana ramukansa, yana ta rantsuwa. Jemima ba ta ma saurare shi ba. Ta leƙa rami ɗaya, ta ga farin ruwa yana wucewa, ta ce mu tafi. Na ce ba ta tambaye shi komai ba.

"Josias, tantinsa a ƙasa yake da bakin rafi ko a sama?"

"A ƙasa."

"To tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu? Tuƙa mu, kai dai kanka na ɗaukar hula ne kawai."

Rana ta ɗaga sosai muka isa bakin Rafin Zomo. Ta sa na tsayar da babur nesa, muka ɗaura takalman dusa, masu faɗin nan da ke hana ƙafa nutsewa, ta wuce gaba tana caka sandar ƙarfe kafin kowane taki. Sawun Ananias yana nan kamar yadda ya faɗa: inda ya tsaya, inda ya kwanta, inda igiya ta ja. Sawun Silas kuwa ya taho shi kaɗai da na karensa, taki daidai, ba gudu ba tsayawa, har inda ya ƙare. Babu sawu na biyu a gefensa. A leɓen ramin ta samo jini da gashin gira a daskare, ta ce ga gatarin da ya sare shi, ƙanƙarar ce ta tare goshinsa lokacin da ya rufta.

Na ji daɗi, na ce to shi ke nan, hatsari ne, mu koma a raba yaro da bindiga. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ba wanda zai yarda Silas ya rufta a nan sai an gaya masa abin da ya cinye ƙanƙarar. Ramin ya sake daskarewa. Ta sare guntu daga cikinsa ta sa a gwangwanin shayi, ta tura ni can sama da bakin rafi na saro wani, muka hura wuta a gaɓa muka narkar da su dabam dabam. Nawa ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Nata ya fito ja-baƙi.

Na ce mata yau ta dafa shayi ba ganye. Ba ta yi dariya ba, daga nan na sake leƙa ruwan. Babu baƙin ruwa a ɓangaren Farin Kogi, ko ɗigo, tun ranar da amisk suka toshe Tafkin Doro. Rafin Zomo ya daɗe da zama ɗan tsiyaye da ke daskarewa har ƙasa tun farkon hunturu. Ta share dusar bakin rafin da takalminta, sai ga jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai launin tsatsa, ruwa yana tafiya a ƙarƙashi a hankali, ba ƙara, dusa ta rufe shi ruf. Ruwan ƙasan tafki ya fi na kogi ɗumi. Kwana da kwanaki yana lasar ƙanƙarar daga ƙasa, daidai inda hanyar Silas ta ratsa.

"Tafki ya dawo gida," in ji Jemima. "Mu je mu ga wanda ya rako shi."

Babur ba ya hawa wannan rafi, da ƙafa muka bi gefensa, tana tsayawa tana dafa gwiwa tana zagin shekaru. Da muka kai doron tudu sai ga madatsar amisk an sare ta a tsakiya, faɗin ƙofa, sandunan a warwatse da alamun gatari a jikinsu. Ruwan tafkin ya ja baya, ƙanƙararsa ta lotsa ta tsattsage. Ɗakin amisk, wanda ƙofarsa take a ƙarƙashin ruwa, ya rage a sarari, kuma kyarketai sun riga mu zuwa. Jini da gashi ne kawai a kan dusa.

Ban taɓa ganin Jemima ta yi kuka a daji ba, ranar ma ba ta yi ba, amma sai da ta zauna a kan kututture. Ba mafaraucin da zai fasa madatsa da hunturu. Ana kama amisk ɗaya ko biyu, a bar sauran, a ajiye musu taba. Wannan kuwa ya kashe gidan gaba ɗaya, bai ɗauki ko fata guda ba. Na ce ko Ananias ne, ta ce in yi tunani ko sau ɗaya a rayuwata: wa zai fasa abin da ya ba shi tafki?

Iska ta share sawun da ke fili, amma a ƙarƙashin rassan itatuwa, inda sabuwar dusa ba ta sauka ba, yana nan sarai. Takalmin dusa ne mai dogon wutsiya, kuma a jikin wata ƙaya ta ciro ɗan tuntun jan ulu. Kowace mace a garinmu da kalar tuntun da take ɗaura wa takalman gidanta, ja kuma na Dorcas ne. Na ce ashe Silas da kansa ya yi, haushi ya ci ƙarfinsa. Ta nuna mini sawun da sandarta. Mai shi yana tafiya a wawware, yana taka wutsiyar takalminsa da ɗayan. Ga inda ya faɗi ya dafa hannu, ga kuma wani wurin a gaba kaɗan. Silas da takalmin dusa ya koyi tafiya. A gidan nan mutum ɗaya ne ke faɗuwa.

Na ce mata mu koma mu ce ba mu ga komai ba, iska ta share. Na ce ta faɗi baƙin ruwa ta tsaya nan, a ce madatsa ta fashe da kanta. Ta ce dattawa za su hau da narkewar ƙanƙara su ga saran gatari, kuma kafin nan wani zai ce Ananias ne ya fasa don ya yi wa Silas tarko, bindigar nan kuma ta tashi. Ta ciro jan ƙullin Dorcas ta kwance, ta zuba tabar a bakin ɗakin amisk, ta yi musu magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta ninke ƙyallen ta mayar aljihu, muka gangaro.

Da safe iska ta lafa, aka ce jirgin 'yan sanda zai sauka da rana. Shugaban gari ya sa a taru a zauren coci. Kafin mu fita Dorcas ta zo gidan Jemima. Ina jin a fuskarmu ta karanta, ko kuma ta tuna ranar da ɗanta ya fita duba zargen zomaye da gatari, ya dawo jiƙe har gwiwa ba zomo ko ɗaya. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Jemima, ba ni tabata. Na fasa."

Jemima ta ciro jan ƙyallen ta buɗe mata shi, babu komai a ciki.

"Na ba waɗanda aka kashe wa gida. Da kin fasa jiya kafin mu hau tudu, da na mayar miki."

"Tare muka sha nono a ɗaki ɗaya lokacin da uwarki ta kwanta ciwo."

"Na sani, Dorcas."

"Shi kaɗai ne."

"Na sani."

Zauren ya cika har baranda. Ananias yana gefe ɗaya a kan benci shi kaɗai, Gordon yana kusa da ƙofa yana murza hularsa, Enoch yana gaba kusa da uwarsa, an lallashe shi ya bar bindigar a waje. Jemima ta ajiye kofuna biyu a kan tebur, ɗaya da farin ruwa, ɗaya da baƙi, ta kira tsofaffi uku su leƙa. Ta faɗi inda ta samo kowanne. Ta faɗi sawun Silas da ba na biyu, da jinin da ke leɓen rami, ta ce Ananias bai yi komai ba sai jawo maƙwabcinsa daga ruwa, Bature kuma yana ƙasa da wurin. Tsofaffin sun gane tun kafin ta kai ƙarshe. Ɗayansu ya tambaya wa ya buɗe tafkin.

Kafin Jemima ta buɗe baki Dorcas ta miƙe.

"Silas ne. Ya gaya mini da bakinsa. Kun ji shi a gaban kanti. Shi ya fasa, shi ya manta, ruwan da ya saki ya ci shi. Ku rufe maganar, ku bar mu mu binne shi."

Matar nan ta ɗauki sunan mijinta na shekara arba'in, mutumin da bai taɓa ƙetare iyakar ruwa ba, ta jefa a laka a gaban gawarsa. Kowa ya san ƙarya take yi, kuma na rantse da Jemima ta yi shiru da duk garin ya taya ta riƙe ƙaryar har abada. Na kalli Jemima ina roƙonta da ido. Ita kuwa Enoch take kallo.

Shi bai ma ji abin da uwarsa ta ce ba. Kofin baƙin ruwan yake kallo, bakinsa a buɗe. Sai a lokacin na tabbata yaron nan bai sani ba. Kwana biyu yana zaune da bindiga yana jiran wanda ya kashe ubansa, da zuciya ɗaya.

"Gwaggo," ya ce a hankali, "ruwan tafkin ba ya daskarewa a hanya? Na ɗauka zai tsaya a rafin har bazara."

"Ba ya daskarewa a ƙarƙashin dusa, ɗana."

Dorcas ta kama hannun rigarsa tana ce masa ya zauna, ya yi shiru, ba da shi ake ba. Ya cire hannunta a hankali ya miƙe. Ya ce shi ne. Ya ce so yake in dattawa sun hau da narkewar ƙanƙara su tarar ruwa ya juyo yamma, su ce tafki ya dawo gidan Silas, shi kuma ya tsaya a bayan ubansa ya ga fuskarsa. Ko bai gaya masa ba, in ji shi, ya ishe shi ya san shi ya yi. Ya juya wajen Ananias ya fara cewa Kawu, maganar ta ƙi fita. Ananias ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, hawaye na bin wannan murtukakkiyar fuska.

'Yan sanda sun sauka sun saurari komai, suka ce a dokarsu wannan hatsari ne, ba su da wanda za su kama. Enoch ya bi su har bakin jirgi yana miƙa musu hannuwansa, yana roƙo su ɗaure shi. Suka ƙi. Ya tsaya aka binne uban, bai yarda ya taɓa akwatin ba, sannan ya hau jirgin kaya na gaba. Ba wanda ya kore shi. Ananias da kansa ya je ya ce masa ya zauna, zai koya masa daji, ya ƙi. Wani ya ce ya gan shi a wani birni a kudu yana kwana a tashar mota, wani ya ce ba shi ba ne.

Da ƙanƙara ta narke dattawa suka hau tudu kamar kullum, suka ga inda ruwa ya nufa, suka sauko suka faɗi abin da al'ada ta ce: Tafkin Doro na gidan Silas ne. Babu namiji a gidan da zai karɓa, babu amisk a tafkin da za a kama, kuma wasu amisk ba su zo sun gyara madatsar ba har yau. Jemima ta rataye sandarta. An kawo mata taba sau biyu tun daga nan, ta bar ta a kan tebur har masu ita suka gaji suka ɗauke. Ta daina zagina ma, abin da ya fi damuna ke nan.

Gidan Dorcas yana bakin Farin Kogi, taki kaɗan daga ruwa. Tun daga waccan bazara wani siririn baƙin ruwa yake bin gaɓar, daga bakin Rafin Zomo har ƙofarta, bai gauraya da farin ba. Kullum da safe ina ganinta da bokiti biyu, ta wuce mashayarta, ta bi ta gaban gidan Jemima ba ta waiwaya ba, ta tafi can tsakiyar gari ta ɗebo a mashayar wasu. Rannan na karɓar mata bokiti ɗaya, na ce Yaya, ga ruwa a ƙofarki, me ya sa kike wahalar da kanki haka?

"Wannan na Silas ne," ta ce. "Ɗansa ya kawo masa."